Mota cike da buntu har da tozo, sikeli ya ce babu nauyi

"Assalamu alaikum Malam. Ni manomin shinkafa ne a yankin Auyo, kuma muna da ɗan injin casa ni da ƙannena. Bana wasu mutane suka zo suna sayen buntu da ɓawon gyaɗa da totuwar masara, wai kamfani za su kai a ƙona a madadin itace da gas. Muka cika musu mota da buntu har da tozo muka ɗaure da tamfol, da aka hau sikeli sai aka ce nauyin bai kai ko kwatan abin da motar take ɗauka ba, kuɗin da ƙyar ya sallami direba da 'yan lodi. Kuma da aka isa kayan sun sauka kamar an ɗiba a hanya. Sannan mun gwada gawayin buntu na dunƙule da sitaci, yana bushewa sai ya ruguje a hannu. Shin cutar mu aka yi a sikeli ko mu ne ba mu iya ba? Kuma mu sayar musu da karan gona ma, tunda sun ce suna so?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya yi wa noma albarka. Tambaya uku ka haɗa waje ɗaya, ta mota da sikeli, ta gawayin da yake rugujewa, sai ta kara, kuma abin mamaki duk jijiyarsu ɗaya ce. Ni injiniyancin noma na karanta, na daɗe ina yawo tsakanin injinan casa a Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma wannan gawayin na dunƙule ya ba ni wahala sosai kafin na gane kansa, don haka abin da ka faɗa ba baƙo ba ne a wajena. Ban tsaya a gaban sikelin da aka auna muku ba balle in rantse a kansa, amma gaskiya ko da sikelin na masu tsoron Allah ne, abin da zai nuna kenan. Iska kuka yi wa lodi, kuka biya direba ya kai ta gari.

Mu fara daga kwanon awo

Ka san rigimar mai awo da mai saye a kasuwa, mai saye yana so a girgiza kwano, mai awo yana cewa a'a kar ka taɓa min. Hatsin nan dai shi ne, ba wanda ya ɗebi ƙwaya ɗaya, amma ana girgizawa sai ya sauka a nemi ciko. Toh abin da ya sauka ɗin ba hatsi ba ne, gurbin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya ne ya ragu. Wannan gurbin masana sun daɗe suna lissafi a kansa fiye da yadda za ka zata. Tun 1611 wani masanin taurari Bajamushe, Johannes Kepler, ya ce idan kana da ƙwallaye masu girma ɗaya, ba yadda za ka jera su su matsu fiye da irin jerin da mai lemo yake yi a tire, dala ɗaya kan ɗaya kowanne ya zauna a ramin na ƙasa, kuma ko a hakan kashi 74 cikin 100 na wajen kawai suke cikawa. Magana ce da kowane mai lemo ya sani a hannu, amma sai a 1998 wani malamin lissafi a Amurka, Thomas Hales, ya tabbatar da ita da taimakon kwamfuta.

Wannan idan ka zauna ka jera ɗaya bayan ɗaya kenan. Wa yake jera masara a buhu? Zubawa ake yi. A wajajen 1960 wani masani a Ingila, Bernal, ya yi ta gwaji da ƙwallayen ƙarfe irin na cikin boris, a zuba a girgiza a auna, sai aka ga komai girgizar da za ka yi a kusan kashi 64 suke tsayawa, idan kuma a hankali ka zuba ba girgiza a wajajen 60 suke tsayawa. Kaga kenan ko ƙwayar da ta fi kowacce santsi da zagaye, sama da kashi ɗaya cikin uku na buhunta iska ce. Masara da dawa da gero duk a nan kusa suke, shi ya sa buhunsu yake da nauyi, sun iya zama da juna.

Shi kuwa buntu bai iya zama ba sam. Ɗauki guda ɗaya ka ɗora a tafin hannunka ka duba da kyau, kamar ɗan ƙaramin kwalekwale yake, cikinsa rami, bayansa kaushi da 'yan ƙayoyi, baki biyu masu tsini. Idan ka zuba su, wannan ya maƙale wancan, wancan ya tokare na gaba, kowanne kuma yana riƙe da iskar cikinsa, ba mai zamewa ya cike gurbi. Ka ɗauki tankin ruwa mai lita 1000 a matsayin ma'auni. Idan ka cika shi da masara za ka samu kilo 700 da ɗoriya, idan ka cika shi da buntu kilo 100 zuwa 120 za ka samu. Yanzu a ce bodin motar da kuka yi wa lodi yana cin irin wannan tankin 30, da masara ce tan 21 kenan, da buntu kuwa tan 3 da rabi ma sai an yi tozo. Kashi ɗaya cikin shida fa. Shi direba babu ruwansa, man da zai sha da kuɗin hanya kusan ɗaya ne, don haka kowane kilo na buntunka ya biya kuɗin motar kilo 6 na masara. Nan kuɗinku ya tafi.

Ba sai ka yarda da ni ba, ka samu bokitin fenti mai lita 20 da ɗan sikelin rataye. Ni duk inda na je da su nake tafiya. Masara za ta ba ka kilo 14 ko sama kaɗan, buntu kilo 2 da 'yan kai, ka danna da ƙafa ya ƙaru kaɗan, kana ɗaga ƙafar ka ga yana biyo ka sama kamar katifa.

Saukar da kayan suka yi a hanya kuwa, girgizar kwano ce aka yi muku kyauta. Duk ramin da mota ta faɗa daga Auyo har inda aka kai, buntun yana gyara zama, tozon ya shige ciki, nauyi bai ragu da ko kilo ɗaya ba sai dai abin da iska ta kwashe idan tamfol ɗin ya yage. Kuma da ka tsaya wajen saukewa za ka ga yashi da ƙura sun taru a ƙasan bodi, manyan abubuwa irin guntun totuwa sun hau sama. Haka girgiza take yi kullum, ƙanana su zurara ta cikin gurabe su tura manya sama, irin yadda mata suke yi da faifai wajen tankaɗe.

Kara ma ya fi buntu muni ta wannan fannin. Abu dogo siriri idan aka watsa shi barkatai ba ya matsuwa, zazzage kwalin ashana a ƙasa ka kwashe ka mayar ba tare da ka jera ba ka gani ko zai rufu. An auna wannan ma, duk lokacin da tsawon sanda ya ninka a kan kaurinta, matsuwar tana raguwa da kusan rabi. Iyayenmu ba su jira an auna ba, shi ya sa kara dami ake ɗaure shi, kai da kai gindi da gindi.

Dabarar magina

Toh ya za a yi a kori iskar? Hanya ta farko magina sun riga mu saninta. Bokitin tsakuwa ɗaya ka zuba masa rabin bokitin yashi ka girgiza, ba za ka samu bokiti ɗaya da rabi ba, yashin ɓacewa zai yi a tsakanin tsakuwar, siminti kuma ya zo ya shige tsakanin yashin. Wani injiniya a Amurka, Furnas, ya fitar da lissafin wannan a 1931, kuma har yau da shi masu kankare da masu tangaran suke aiki. A taƙaice, idan ka haɗa manya kamar kashi 70 da ƙanana kamar kashi 30, matsuwar tana tashi daga 64 ɗin nan ta haura 80. Amma da sharaɗi, dole ƙananan su zama ƙanana da gaske, su gaza manyan kamar sau 7 ko fiye, ta yadda za su shige gurbi ba tare da sun ture kowa ba. Idan girmansu ya yi kusa da juna, ƙaramin ba ya shiga ramin, raba manyan yake yi ya zauna a tsakiya, an yi ba a yi ba kenan.

Ma'anarsa a wajenka shi ne, idan kuna da totuwa da ɓawon gyaɗa da buntu, kar ku cika buhu da totuwa zalla guda-guda. A farfasa totuwar, a niƙa ɓawon gyaɗar ya cike tsakani, in dai mai sayen ya yarda da haɗi, don wasu tukunyarsu abu ɗaya take so. Shi kansa buntun idan aka niƙa shi, kwalekwalen nan ya fashe, nauyin bokiti yana ninkawa biyu har ya fi. Sai dai a nan zan ja maka kunne don ni na sha. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin buntu toka ne, tokar kuma yawancinta sinadarin yashi ne, silika, wato kana niƙa buntu kamar kana niƙa yashi ne a hankali. Wata shekara na ɗauko injin niƙan wani abokin aikina na ce bari mu gwada, ba a jima ba hamomin suka cinye, rariyar ta huje, ni na biya kuɗin gyara ina ba da haƙuri. In za ku niƙa ku sa kuɗin ƙarfe a lissafi tun farko, ba kuɗin dizal kaɗai ba.

Akwai wani abu kuma da 'yan lodi ba sa ganewa, su cika buhu taf sannan mutum ya hau kai yana tsalle. Na sama ne kawai yake dannuwa. Tun 1895 wani injiniya Bajamushe, Janssen, ya nuna cewa hatsin da ke cikin rumbu ba kamar ruwa yake ba, nauyinsa ba ya sauka duka a gindi, ƙwayoyin suna tokare juna su jingina da bango, bangon ya ɗauke kaso mai yawa.  Haka ƙarfin ƙafarka yake yi a buhu, kafin ya kai tsakiya gefen buhun ya shanye shi. A zuba kaɗan a danna, a ƙara a danna, haka ake yi. Ka riƙe wannan maganar don za ta dawo wajen gawayi.

Abin da ya sa gawayin yake rugujewa

Nan ne gizo yake saƙar. Zuwa yanzu maganar ƙwayoyin da ba sa manne wa juna muke yi, da zarar danshi ko danƙo ya shigo labarin ya canja. Ka kalli uwargida tana dambu, tsaki ne a warwatse, ta yayyafa ruwa kaɗan ta murza, sai ya fara haɗuwa 'yan dunƙule-dunƙule. Ruwan yana zama ne a daidai inda ƙwaya ta taɓa ƙwaya ya riƙe su kamar 'yar igiya. Amma ka lura dambu sakayau yake, ya ma fi tsakin cika kwano. Magina ma sun san yashi mai ɗan danshi kumbura yake yi a kwanon awo, ya fi busasshe cika ido alhali bai kai shi yawa ba. Dalili kuwa, ƙwayar da take da danƙo a inda ta fara taɓa 'yar uwarta a nan take tsayawa, ba ta samun damar gangarawa cikin rami.

Wasu masana biyu, Witten da Sander, sun kwaikwayi wannan a kwamfuta a 1981, suka saki ƙwaya tana yawo, duk inda ta fara taɓa tarin ta manne a nan, sai a saki wata. Abin da ya fito ba dunƙule ba ne, wani abu ne mai rassa kamar saiwa, saboda sabuwar ƙwaya kafin ta shiga ciki reshen waje ya cafke ta, don haka yana girma cikinsa yana ƙara zama fanko. In kana so ka ga irinsa da idonka ka shiga madafi ka ɗaga kai, kunkunniyar da take reto a jikin azara haka ta taru, ga girma a ido, ka taɓa ta ta zama ba komai.

Toh gawayinku kunkunniya kuka yi babba. Kun kwaɓa da ruwa da sitaci, ƙwayoyin suka manne tun ba su zauna ba, kuka dunƙula da hannu ko kuka ɗan danna a gwangwani, yana jiƙe ya yi kyau saboda ruwa ne yake riƙe da shi. Rana ta shanye ruwan, igiyoyin suka tsinke, aka bar ramuka. In kuma ɗanyen buntu kuka dunƙula ba ku ƙona ba, abin ya haɗu biyu, don shi kamar sifirin yake, yana bushewa yana miƙewa yana ture na kusa da shi. Kuma ina zargin sitacin ma ɗanye kuka zuba, yawancin waɗanda suka kawo min irin wannan ƙorafin haka suka yi. Ɗanyen sitaci gari ne kawai, ba ya kama komai sai an dama shi da tafasasshen ruwa ya yi yauƙi kamar na guga.

Hanya biyu ce ta gaskiya. Ta farko ta masu jari ce, injin da yake matsa ɗanyen buntu da ƙarfi da zafi, bakinsa ana zafafa shi har digiri 250 zuwa 300, a nan wani danƙo na halitta da ke jikin duk wani tsiro, lignin, yake yin laushi ya manne kayan da kansa ba sai an sa sitaci ba. Abin da yake fitowa sanda ce mai rami a tsakiya, mai nauyi kamar icen kirya, nauyinta yana haura kilo 1000 a ma'aunin tankin nan namu, kaga an kori iskar kusan duka. Yana so kayan su bushe, danshi kamar kashi 8 zuwa 12, in ya fi haka tururi yana taruwa a ciki ya harbo sandar da ƙara kamar bindiga. Matsalarsa wuta yake sha sosai, kuma silikar nan tana cin sukurun ciki, kullum kana wajen mai walda. Ni ba zan ba mutum ɗaya mai ƙaramin injin casa shawarar ya saya ba, sai dai ƙungiya, ita ma sai ta tabbatar da mai saye tukuna.

Ta biyu ita ce daidai ku. A fara ƙona kayan a durom mai murfi da 'yar iska kaɗan har su yi baƙi ba su zama toka ba, abin da zai rage kamar kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin farko ko ƙasa da haka. Ƙonawar tana kashe sifirin ɗin, ga shi ya yi saurin dakuwa. A daka a tankaɗe, amma kar a mayar da shi gari lilis duka, a bar mai ɗan tsaki-tsaki a haɗa da mai laushi, dabarar magina kenan ta dawo. Sitacin rogo dafaffe kamar kashi 5 zuwa 10 na nauyin garin ya isa, ruwa kuma kaɗan, in ka matse a hannu ya dunƙule amma kar ya ɗiga. Sannan a matsa da ƙarfi na gaske, jak ɗin mota da ɗan firam na ƙarfe da mai walda zai haɗa maka ya fi hannun ƙato goma. Kuma ka tuna maganar rumbu, in bututun da kake matsawa a ciki dogo ne, saman zai yi tauri gindin ya fito ruɓus, don bangon bututun ya shanye ƙarfin. Ku yi su gajeru, tsayin kar ya wuce faɗin da yawa. Shanya kuma a fara a inuwa kwana ɗaya ko biyu kafin a kai rana, in ba haka ba bayan ya bushe ya ƙanƙance cikin yana jiƙe, sai ya tsage.

Gawayin buntu zalla kuma ko ya dunƙulu ba ya daɗin girki, wannan sai na faɗa maka. Tokar nan da take kashi ɗaya cikin biyar, bayan an ƙona sauran ya tafi ita tana nan, sai ta koma kusan kashi 40 na gawayin ko fiye, ta lulluɓe garwashin wuta ta yi sanyi, matan gida su ce ba sa so. Totuwar masara da ɓawon gyaɗa tokarsu kaɗan ce ƙwarai, su ya kamata su zama uwar haɗin, buntu ya zama ciko. Ni gwajina biyu ne kullum, in saki busasshe daga daidai ƙirjina a kan daɓe, in ya rabu biyu ba laifi, in ya watse a sake. Sannan in ba wata tsohuwa a gidan ta dafa wake da shi, abin da ta faɗa shi ne sakamako.

Wani abin dariya, iskar da muke ta kora a mota ita muke nema a murhu. In ya matsu ƙam babu hanyar iska ba ya ci, shi ya sa ake huda rami a tsakiya. Masu murhun gwangwani sun san haka, a tsaya da taɓarya ko kwalba a tsakiya a danna buntu ko garin katako a kewaye, a zare a kunna ta ramin, ya yi ta ci a hankali.

Ciniki

In masu motar nan sun dawo, abu na farko a yi ciniki a bakin injinku, su kawo motarsu su biya lodinsu, don wahalar jigilar iska ta koma kan wanda ya san lissafinta. In dole sai da sikeli, ɗaya daga ƙannenka ya bi motar, a auna ta ba kaya a auna ta da kaya a gabansa, a ba shi takarda. Kuma a yi maganar danshi tun kafin a ɗora buhu ɗaya, saboda ruwa nauyi ne da ba ya ci da wuta, kamfani ya san haka kuma zai zaftare. Awonsa ba wuya, ɗebi kilo 1 ka baza a rana kwana biyu ka sake aunawa. Na san akwai masu yayyafa ruwa da masu zuba yashi don sikeli ya tashi, wallahi su ne suke kashe kasuwar, mai saye in ya ƙonu sau ɗaya sai ya karya farashin kowa da kowa. Ga shi jiƙaƙƙen tari yana ɗaukar zafi daga ciki ya yi fumfuna, wani ma har ya fara hayaƙi da kansa.

Amma ni a ganina kasuwar buntu ta gaskiya ta kusa ce. Wajen zafi, kilo 2 na buntu ne yake kamo kilo 1 na gawayin itace, abu ne mai araha mai cin waje, irin wannan kuwa tafiya mai nisa ba ta karɓe shi ba. Masu turara shinkafa suna nan kusa da ku, gidajen burodi, masu kaji da suke shimfiɗa shi, duk amalanke ko kura ta isa. A jihar Bihar ta Indiya an yi ƙauyuka da dama da suke samun lantarki daga buntu, ana turara shi a wata tukunya ya ba da gas, gas ɗin ya juya janareta, kilo 2 ko ƙasa kaɗan na buntu yana ba da yunit 1 na wuta. Tunda kashi 20 na nauyin shanshera buntu ne, kaga duk injin casa yana zaune ne a kan makamashinsa. Ba abu ne da za ka tashi gobe ka haɗa ba, gas ɗin yana da kwalta mai toshe inji sai da mai kula na kullum, amma ya nuna maka inda darajar kayan take, a gindin injin.

Maganar kara

Nan kam ina da ra'ayi mai ƙarfi. Buntu da totuwa da ɓawo sun riga sun bar gona, tari suke a bayan inji suna damun mutane, sayar da su riba ce. Kara daban ne. Ita ma ƙasar gona ƙwayoyi ce da suke dunƙulewa, in ka ɗebi ƙasar gindin bishiya ko ta inda aka daɗe ana zuba taki za ka ga 'yan dunƙule kamar dambu, ruɓaɓɓen ganye da saiwa da kashin dabbobi su ne sitacin da ya riƙe ta, ramukan tsakani kuma su suke riƙe ruwa. Ƙasarmu ta tudu a Jigawa rairayi ce, sunan jihar ma daga nan ya fito, wannan danƙon dama kaɗan ne a cikinta. Ka kwashe kara ƙarƙaf shekara uku huɗu a jere, gara ba ta samu abin ja ƙasa ba, shanun Fulani ba su shigo sun ci sun bar taki ba, iskar hunturu ta zo ta samu fili tsirara, sai ka ga kana ƙara buhun takin zamani amfanin yana ja baya. Kuma karan nan ba shara ba ne a gida, da shi ake darni, da shi ake girki, dabbobi suna cin ganyensa a rani. In ka sayar a kaka da araha za ka sayi itace a bazara da tsada. Harawa kuwa ko a mafarki kar ta shiga wuta, kuɗinta a bakin masu kiwo ya fi. In akwai rarar da ta wuce buƙata, kamar tattakar shinkafar da wasu suke cinna wa wuta a fadama don su samu su yi shukar rani, wannan a ɗaure a sayar ya fi a ƙona a banza. Kuma in kuna yin gawayi ko girki da buntu, tokar ku mayar da ita gona.

Lissafin su Kepler da Furnas da na kawo maka da ƙwallayen ƙarfe da tsakuwa aka yi shi, abubuwan da ba sa lanƙwasa ba sa shan ruwa. Buntu yana lanƙwasa, yana karyewa, na damina daban na rani daban, na injin zamani daban na ƙaramin injin da yake haɗa shi da dusa daban. Don haka lissafin alƙibla kawai yake nuna maka, 70 da 30 ɗin nan wajen farawa ne, naku haɗin sai bokiti ya faɗa. Ka auna min huɗu, buntu yadda ya fito, buntu dannanne, farfasasshiyar totuwa ita kaɗai, sai totuwar da aka cike da niƙaƙƙen ɓawon gyaɗa, ka haɗo da tsawo da faɗi da zurfin bodin motar da abin da direba ya karɓa. Da waɗannan zan fitar maka da nisan da in an wuce shi kai ne kake biya don a ɗauki kayanka.